Ya Ba Ta Ne, Ko Ya Ɓata?

Wata safiya a Kankiya, a teburin wani mai shayi da ke bakin titin Katsina zuwa Kano, na ga yadda rubutu ya kusa zubar wa bawan Allah mutunci. Wani saurayi ne ke karanta wa dattawa biyu labari daga wayarsa, irin labaran nan na shafukan gida da ake turowa ta WhatsApp. Labarin wani ɗan kasuwa ne da wata mata da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu. Saurayin ya ɗaga murya ya karanta cewa Alhajin "ya ɓata naira dubu ɗari biyar". Ɗaya dattijon ya dire kofinsa ya ce, "Subhanallahi! Kuɗin marayu?" Sai na ce yaron ya miƙo mini wayar. Abin da ke rubuce shi ne "ya bata". Marubucin yana nufin ya ba ta, wato kyauta Alhajin ya yi mata. Ban ga laifin saurayin ba. Ya saba ganin masu rubutu a waya ba sa yi wa baƙaƙe ƙugiya, don haka da ya ci karo da "bata" sai ya laƙa mata ƙugiyar da kansa. Da ba a yi dace ba, dattijon nan zai tashi da labarin cewa Alhaji ya cinye dukiyar marayu, kafin azahar kuwa maganar ta kai Kusada.

Abin da masu rubuta labarai a intanet ke mantawa ke nan. A garuruwanmu labari ba ya tsayawa a idon mai waya. Mutum ɗaya ke karantawa, biyar su saurara, a majalisa, a tasha, a rumfar mai cajin waya, ko a tsakar gida inda 'yar sakandare ke karanta wa kakarta. Mai magana baki da baki yana da murya, yana da fuska, in ba a gane ba a ce ya maimaita. Rubutu ba shi da wannan gata. Bokon Hausa ma tun asali ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya, shi ya sa garin tuwo da garin Ingawa suke kama ɗaya a takarda, sai jimla ta raba su. To harshen da ya riga ya ɗora wa mai karatu wannan nauyi, in aka ƙara kwashe masa ƙugiyoyi aka cakuɗa masa kalmomi, ai an bar mai karatu da canki-canka.

Baƙaƙen da ake magana a kansu ba su da yawa: ɓ da ɗ da ƙ, sai 'y, wadda 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa ƴ. Amma dubi aikin da suke yi. Fada inda hakimi ke zama daban, faɗa da ake kai wa hakimi ya raba daban. Gwamnati ta karya farashin taki magana ce mai daɗi, ƙarya kuwa kowa ya san ta. Baki na cin tuwo, baƙi ana shimfiɗa musu tabarma. A garin da ke da makarantar koyon aikin lafiya kamar Kankiya, ai bai kamata a bar mai karatu yana laluben ko "bari" ake nufi ko "ɓari" ba. Akwai kuma masu wuce gona da iri. Sun ji an ce ƙugiya alamar iya Hausa ce, sai su riƙa watsa ta kamar gishiri: ƙasuwa, ƙuɗi, ƙowa. Na taɓa ganin wanda ya mayar da ɗakin kara da ake yi wa Katsina kirari da shi "ɗakin ƙara", ya ɗauke mu daga gidan kunya da mutunta baƙo ya kai mu zauren alƙali.

Amma in za a auna, ɓarnar raba kalma da haɗa ta ta fi ta ƙugiya yawa. "Yace", "zasu", "yanada", "acikin", waɗannan sun zama ruwan dare har ido ya daina ganinsu. Wani zai ce ai ana ganewa. Sau tara ana ganewa, a na goma sai a faɗa rami. "Ba shi" umarni ne a miƙa wa mutum abu, "bashi" kuwa shi ne hanji, yana cikin kowa. "Ba a biya albashi ba" labari ne, in ka rubuta "ba'a" ka kawo kalmar da ke nufin zolaya. "A kan tebur" wuri ne, "akan yi ruwa a Agusta" al'ada ce. Abin mamaki, waɗanda ke haɗe abin da ya kamata a raba su ne kuma ke raba abin da ya kamata a haɗe, su rubuta "gidan sa" da "motar ta" da "ma su sana'a". Ga ɗan gwaji mai sauƙi da wani malaminmu na Hausa ya koya mana muna aji biyu na sakandare: in kana iya cusa wata kalma a tsakani, to kalmomi biyu ne. Tun da ana cewa "ya ma ce" ko "ya ɗan ce", to "ya" daban, "ce" daban.

Waɗannan ƙa'idoji ba daga sama suka faɗo ba, kuma mu Katsinawa muna da hannu dumu-dumu a cikinsu. Tun 1912 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin farko na rubuta Hausa da boko. A 1934 ƙamus ɗin Bargery ya fito. A shekarun 1930 ne kuma baƙaƙe masu ƙugiya suka samu gindin zama, lokacin da Rupert East ke jagorantar Hukumar Talifi a Zariya. Gasar ƙagaggun labarai ta 1933 ita ta fito da Abubakar Imam, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina kuma yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, yayansa Bello Kagara kuma ya rubuta Ganɗoki. Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, Imam ne editanta na farko. Wato a ɗakin jarida aka yi renon daidaitacciyar Hausa, ana jera baƙaƙen dalma ɗaya bayan ɗaya, a buga gwaji, wani ya zauna da alƙalami ya bi layi-layi kafin a saki. Daga baya aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, aka yi taron Bamako a 1966 ƙarƙashin UNESCO, aka sake zama a Yamai a 1980 don Nijeriya da Nijar su daidaita rubutunsu. A 2006 Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa. Duk wanda ya ce Hausa ba ta da ƙa'ida, kowa ya rubuta yadda ya ga dama, bai tambaya ba ne.

To me ya sauya? A ganina kujera ɗaya ce ta ɓace, kujerar mai gyara. Jaridar intanet ta karkara sau da yawa mutum ɗaya ne da wayarsa: shi ne wakili, shi ne edita, shi ne mai ɗaukar hoto, shi ne mai neman talla. Yana tsaye a wurin rabon taki ko taron siyasa, rana na dukansa, caji na ƙarewa, yana bugawa da babban yatsa, hankalinsa na kan kada wani shafin ya riga shi. Ina tausaya masa, don galibinsu ba wanda ke biyansu albashi, kuma suna kawo labarin ƙauyukan da manyan jaridun Abuja ba su san da zamansu ba. Sai dai sauri ya haifi nawa. Marubuci ba ya ganin kuskurensa, domin idonsa na karanta abin da ke zuciyarsa ne, ko da hannunsa ya rubuta wani abu daban.

Ga kuma fassara, inda nan ne nahawu ke shan kashi. Sanarwar gidan gwamnati da ta 'yan sanda da ta ofisoshin ƙananan hukumomi yawanci da Turanci suke fitowa. Mai shafi ya kwafa ya zuba a manhajar fassara, wadda kamfanin Google ya sa wa Hausa tun 2013, ya kwaso abin da ta amayo ya liƙa. Daga nan ake samun "ya jefa nauyinsa a bayan ɗan takara" a maimakon ya mara masa baya, da "ya zubar da haske a kan lamarin" a maimakon ya yi ƙarin bayani. Kalmomin na Hausa ne, amma ƙashin jimlar na Bature ne, ba Bahaushen da zai faɗe su a bakin kasuwa. Sai ka ga an fara da "kwamishiniyar ta ce", kafin ƙarshen sakin layi ta koma "ya ƙara da cewa". Sai ka ga jimla ɗaya ta cinye layi bakwai, "a yayin da" na bin "a yayin da", har ka manta wa ya yi me. Lissafi ma bai tsira ba: miliyan ta zama biliyan, dubu ɗari biyar ta zama dubu ɗari da biyar, alhali tsakaninsu akwai kusan dubu ɗari huɗu.

Inda abin ya daina ba ni dariya shi ne labarin tsaro. Jama'ar Kankiya da Kusada da Matazu da Musawa sun san yadda gaba ke faɗuwa in aka ce ɓarayin daji sun shiga wani ƙauye. Mai ɗa a can, yana Legas ko Kaduna yana neman abinci, da waya yake jin halin da gida ke ciki. Ka rubuta masa "yan bindiga sun sake mutum goma", me zai fahimta? Sun saki mutum goma, ya yi hamdala? Ko sun sake sace mutum goma ne kalma ta faɗi a hanya? Ƙanƙara, inda aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya a Disamban 2020, gari ne daban da Kankiya, amma in aka cire ƙugiya haruffa huɗu na farkon sunayensu iri ɗaya ne, mai karatu cikin firgici kuwa ba ya tsayawa ya ƙirga. Haka nan wanda 'yan sanda suka kama, wanda ake zargi ne har sai alƙali ya yanke hukunci. Ka kira shi ɓarawo kai tsaye, in an sallame shi gobe, wa zai wanke shi a garinsu?

Kada a ɗauka karin harshe nake yaƙa. Bakatsine ya ce "mi ya faru" ko "na faɗa mashi", Hausa ce tsantsa, ba mai raina ta. In kana kawo maganar manomi daga Kusada, kawo ta yadda ya faɗe ta, ta fi armashi. Jikin labarin ne ya kamata ya zo da daidaitacciyar Hausa, don mutumin Maraɗi da na Zangon Kumasi su karanta ba tuntuɓe. Su kuwa "xan xo" da "qasa" da "wlh", ba karin kowane gari ba ne, shaƙiyancin hira ne tsakanin abokai, can ya kamata su tsaya.

Sunayen garuruwa ma suna son a tsai da shawara. Allon hukuma na ɗauke da Kankia da Charanchi da Funtua da Zaria, rubutun da aka gada daga Turawa. A Hausa kuwa Kankiya ne da Caranci da Funtuwa da Zariya, kamar yadda sunan garin Gwamnan Katsina Dikko Umaru yake Raɗɗa. Wanda ya zaɓi bin na allon hukuma ba zan kai shi ƙara ba, amma ya tsaya a kan ɗaya, kada Kankia a kanun labari, Kankiya a tsakiya, Kankya a ƙarshe.

Yara kuma suna kallo. Ɗalibin da zai rubuta jarrabawar Hausa ta WAEC ko NECO, abin da yake karantawa a waya a mako guda ya fi abin da yake karantawa a littafi a zango guda. Malaman Hausa za su gaya maka irin "yace" da "zasu" da suke kewayewa da jan biro. Yaron ya gani a jarida, ya ɗauka daidai ne.

Maganin bai kai ciwon tsada ba. Kusan kowace wayar zamani tana da allon rubutu na Hausa a cikin saitinta, in ka sa shi ka danne k sai ƙ ta fito. Kafin ka saki labari, karanta shi da ƙarfi kamar kana karanta wa kakarka, duk inda numfashinka ya sarƙe to jimlar ce ta yi tsawo. Sannan ka nemi ido na biyu. Akwai malaman Hausa da suka yi ritaya zaune a Kankiya da Kusada, akwai waɗanda suka karanta Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Isa Kaita ta Dutsin-Ma suna neman abin yi. Minti biyar ya ishi ɗayansu ya duba labari ta WhatsApp ya maido.

A teburin mai shayin nan, kafin in tashi sai da na sa wa saurayin allon Hausa a wayarsa. Ya danne b, ɓ ta leƙo, ya yi dariya ya ce shekara uku yana riƙe da wayar bai san tana ciki ba. Dattijon kuwa bai damu da ƙugiya ba. Ya kurɓi shayinsa da ya huce, ya ce, "To yanzu matar nan, a wace unguwa take, kuma yaushe aka ba ta kuɗin?" Muka sake bin labarin daga sama har ƙasa, mu biyu. Bai faɗa ba.