Tafiyar Wata Shida Da Ƙafa: Yadda Miji Da Mata Ke Shirin Ratsa Daji



Hirarmu ta yau za ta kai mu nesa, har ƙasar Amurka. A can akwai wata doguwar hanya cikin daji da duwatsu. Ba a yi ta don mota ba, an yi ta ne don masu tafiya da ƙafa. Sunanta Hanyar Apalashiya, don tana bin jerin duwatsun da ke da wannan suna.

Kowace shekara mutane dubbai suna ɗaura niyyar bin ta daga farko har ƙarshe. Ba fatauci ke kai su ba, ba neman aiki ba. Suna zuwa ne don su ga daji, su huta da hayaniyar birni, su gwada ƙarfin jikinsu. Cikinsu akwai miji da mata masu tafiya tare. Amma ga abin lura: cikin mutum huɗu da suka tashi, kusan ɗaya ne kaɗai ke kai ƙarshe. Sauran suna komawa gida, wani saboda ciwo, wani saboda kuɗi sun ƙare, wani kuma zuciyarsa ce ta gaji. Ga ma'aurata abin ya fi nauyi, don in ɗaya ya kasa, tafiyar mutum biyu ce ta shiga matsala. To, wane shiri suke yi don su kai tare?

Ina hanyar take?

Tsawon hanyar ya kai kilomita 3,500. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne. Ke nan kamar mutum ya tashi daga Yamai ya je Damagaram ya komo, ya sake zuwa ya sake komowa. Hanyar ta fara daga dutsen Sipringa a jihar Jojiya, a kudu. Ta ƙare a dutsen Katadin a jihar Men, a arewa. Ta ratsa jiha 14.

Wani mutum mai suna Benton MacKaye ne ya kawo shawarar yin ta a shekarar 1921. An gama ta a 1937. A 1948 wani tsohon soja, Earl Shaffer, ya bi ta duka cikin tafiya ɗaya. A 1955 wata tsohuwa, Emma Gatewood, mai shekara 67 da ƴaƴa 11, ta bi ta ita kaɗai, da ɗan buhun kayanta a kafaɗa.

Don kada a ɓata, an shafa farin fenti a jikin itatuwa da duwatsu. Matafiyi yana bin wannan alama. Akwai kuma rumfunan kwana fiye da 250, masu bango uku, gabansu a buɗe. Ƴan sa kai ne ke gyaran hanyar, ba a biyan su.

Lissafin kwanaki

Abin farko da miji da mata ke yi shi ne lissafi. Mu yi tare da su. In suna cin kilomita 20 kowace rana, sai a raba 3,500 da 20. Ya ba mu kwana 175. Wannan kusan wata shida ke nan. Yawancin masu kai ƙarshe suna yin wata biyar zuwa bakwai.

Me ya sa lissafin ke da muhimmanci? Saboda sanyi. A arewacin Amurka, sanyi da dusar ƙanƙara suna sauka da wuri. Ana so matafiyi ya hau dutsen Katadin kafin 15 ga watan Oktoba, don bayan nan ana iya rufe hawan. Shi ya sa mafi yawa ke tashi daga kudu cikin Maris ko Afrilu. Wanda ya makara da tashi, ko ya yawaita zama a garuruwa, sanyi zai riga shi isa.

Sai lissafin kuɗi. Mutum guda yana kashe dala 1,000 ko fiye kowane wata. Dalar Amurka muke nufi, ba dalar sefa ba. Wannan ya haura jikka 500. Ga shi kuma wata shida ba aiki, ba albashi. Don haka akan yi shekara ɗaya ko biyu ana tari kafin a tashi.

Shawara tun daga gida

Tun ran gini, tun ran zane. Akwai tambaya uku da ma'aurata masu hankali ke amsawa tun suna zaune a ɗaki.

Ta ɗaya: kowa yana son tafiyar nan da gaske? In mace ta bi mijinta don kunya kawai, ko miji ya bi matarsa don kada ta yi fushi, ranar wahala za a ji magana. Wanda aka ja shi, shi ke fara cewa a koma.

Ta biyu: in ɗaya ya ji ciwo ko ya gaji, me za a yi? A koma gida tare? Ko ɗaya ya ci gaba, ɗaya ya jira? Kowace amsa tana da kyau, in dai an yarda da ita tun farko. Mugun abu shi ne a fara wannan gardama bisa dutse, cikin ruwan sama, da yunwa.

Ta uku: wa ke riƙe da kuɗi, kuma nawa za a kashe a kowane gari? Ɗaya zai so kwana a ɗakin haya ya yi wanka da ruwan zafi. Ɗaya zai ce a yi tattali. A yanke magana tun kafin a ga ƙofar masauki.

Bayan wannan sai gwaji. Su ɗauki kaya su yi kwana uku ko huɗu a daji kusa da gida. A nan za su san takalmin da ke cizo, da jakar da ke ciwon kafaɗa, da halin juna in an gaji.

Rabon kaya

Duk abin da za su ci, su sha, su kwanta a kai, a bayansu yake. Masana tafiya suna ba da shawara kada kaya ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mutum. Mai nauyin kilo 70 ya ɗauki kilo 14. Mai kilo 55 ya ɗauki kilo 11. Kun ga ke nan rabo na adalci ba raba daidai ba ne. Kowa ya ɗauki gwargwadon ƙarfinsa.

A nan ma'aurata sun fi mai tafiya shi kaɗai sa'a. Tanti ɗaya ya ishe su, risho ɗaya, tukunya ɗaya. Amma akwai abin da ba a haɗawa a jaka ɗaya. Kowa ya riƙe ruwansa, da rigar sanyinsa, da tocila, da taswira, da ɗan abinci. Dalili kuwa, in sun ɓace wa juna da yamma, kada ɗaya ya kwana ba komai a hannunsa.

Sabon matafiyi yakan cika jaka da tarkace. A wajen kilomita 50 daga mafarin hanya akwai wani shago. A nan mutane da yawa ke zazzage jakarsu, su aika da rarar kaya gida. Takalmi kuwa ba ya wuce kilomita 800 sai ya mutu. Kowa zai ci takalmi huɗu ko biyar kafin ya gama.

Abinci da ruwa

Ba a ɗaukar guzurin wata shida. Bayan kowane kwana uku zuwa biyar, hanyar tana kusantar gari. Sai a sauka a sayi busasshen abinci marar nauyi: shinkafa, taliya, gyaɗa, madarar gari. Mutum guda yana bukatar wajen kilo ɗaya a rana. Duk da haka jiki yana ramewa, don hawan dutse yana cin ƙarfi.

Kusa da ƙarshe, a jihar Men, akwai daji mai tsawon kilomita 160 wanda ba gari a cikinsa. A bakinsa an kafa allo mai gargaɗin a riƙe guzurin kwana 10.

Ruwa kuwa daga ƙorama da idon ruwa ake ɗiba. Ko ya yi fari tas, ba a shan shi haka. Ana tace shi, ko a tafasa, ko a sa masa magani, don akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, masu sa zawo. Mai zagayawa kuma ya yi nesa da ruwa kamar taki 70, ya haƙa rami, ya rufe.

Haɗarin daji

Akwai wata baƙar dabba mai ƙarfi da ake kira beyar. Ƙanshin abinci ke jawo ta. Don haka ba a kwana da abinci cikin tanti. Ana rataye shi bisa reshe mai tsawo, ko a sa shi cikin akwati mai ƙarfi. Amma ƙaramar kaska ta fi ta cutar da mutane, don cizonta yana kawo zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. A nan ma zaman biyu yana da rana: kowace yamma miji ya duba bayan matarsa, ita ma ta duba nasa.

Jiƙa cikin sanyi ma yana kisa. Tufafin auduga suna riƙe ruwa, shi ya sa ake sa na ulu. In ɗaya ya fara rawar ɗari, maganarsa ta fara sarƙewa, ɗayan ya tsayar da tafiya nan take, ya canza masa tufafi, ya ba shi abin sha mai zafi.

Saurin wa za a bi?

Ga abin da ya fi haɗa ma'aurata faɗa a hanya. Ƙafar mutum biyu ba ta zama ɗaya. Mai sauri yana jin an riƙe shi. Mai nawa yana jin an bar shi. Dabara biyu ake yi. Ko mai nawa ya shiga gaba, mai sauri ya bi bayansa. Ko kuwa kowa ya yi tafiyarsa, amma a ajiye magana: "Maigida, mu haɗu a ƙorama ta gaba." Kuma ba a wuce mararraba sai an jira juna.

A makonnin farko kilomita 12 zuwa 15 a rana sun isa, har ƙafa ta saba. Masu gaggawa su ne gwiwa ke fara kayarwa. Sannu ba ta hana zuwa.

Jihar Bajiniya kaɗai ta ɗauki kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hanyar. A nan ɗoki ya wuce, ƙarshe kuma da sauran nisa. Kullum itace, kullum fuska ɗaya. Harshe da haƙori ma suna saɓawa. Tsofaffin matafiya suna da doka mai kyau: kada a yanke shawarar komawa gida ranar wahala. A ci abinci, a yi barci, a huta kwana ɗaya a gari, sannan a yi magana.

Taimako ba ɗaukar jaka kaɗai ba ne. A 2011 wata mata, Jennifer Pharr Davis, ta gama hanyar cikin kwana 46, saurin da ba wanda ya taɓa yi kafin lokacin. Mijinta bai bi ta cikin daji ba. Yana zagayawa da mota, yana tarar ta duk inda hanyar ta ƙetare titi, da abinci da ruwa. Daga baya wasu sun fi ta sauri, amma har yanzu ana tuna yadda suka raba aikin.

To jama'a, kun ji. Ƙarfin ƙafa yana kai mutum ɗaya. Mutum biyu kuwa, sai an haɗa da lissafi, da shawara, da haƙuri da juna.

Tambayoyi don hira a aji

1. In miji da mata suna cin kilomita 25 a rana, kwana nawa za su yi?
2. Mace mai nauyin kilo 60, kaya kilo nawa ya kamata ta ɗauka?
3. Waɗanne abubuwa ne kowa zai riƙe a jakarsa, kuma don me?