Tsakanin Rumbu da Gidan Likita

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan da ke tsakanin Tasawa da Mayahi a lokacin kaka, ya ga dammunan hatsi jibge a bakin gonaki, ya ga amalanken shanu suna jigilar wake da gyaɗa zuwa kasuwa, da wuya hankalinsa ya karɓi cewa a wannan ƙasa ce mata ke cika gidajen likita da yara masu tamowa idan damina ta yi tsaka. Amma haka al'amarin yake. A shekarar 2005, bayan fari da fara sun taɓa amfanin gonar 2004, ƙungiyar likitoci ta MSF ita kaɗai ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 masu tsananin tamowa a Nijar, mafi yawansu a jihar Maradi, alhali kuwa hatsi bai yanke a kasuwanni ba, kuɗin sayensa ne ya gagari talaka.

Tun daga wannan shekara mutanenmu suka saba da ɗan ƙunshin nan mai suna Plumpy'Nut, wanda mata ke kira biskit, wanda wasu masana biyu na Faransa, André Briend da Michel Lescanne, suka ƙago a 1996. Hakika ya ceci rayuka masu yawa, kuma wanda ya taɓa ganin yaron da fata ta manne masa a ƙashi ya miƙe yana wasa bayan ƴan makonni ba zai yi jayayya da wannan ba. Sai dai ya kamata mai hankali ya tambaya, mene ne a cikinsa? Gyaɗa ce aka niƙa, aka haɗa da garin madara da mai da sukari, aka zuba sinadarai. Wato ginshiƙinsa ita ce gyaɗar nan da Maradi ta yi suna da ita tun zamanin Turawa, wadda manomi ke sayarwa da arha a kaka domin biyan bashi ko hidimar biki, sa'an nan bayan wata takwas matarsa ta goya yaro ta yi tafiyar ƙafa ta je ta karɓo ta a leda.

Malaman fiƙihu sun koyar da mu cewa taimama rangwame ne na larura, kuma idan ruwa ya samu hukuncinta ya faɗi. To, haka matsayin biskit da makamantansa yake ga abinci. Biskit magani ne da aka auna wa yaro guda gwargwadon nauyinsa. Idan aka raba shi ga ƴan'uwansa saboda tausayi, ko aka kai shi teburin mai shago, mai ciwon bai warke ba, sauran kuma ba su ƙoshi ba. Ɗigon bitamin A da ake ba yara sau biyu a shekara yana kare ido yana ƙarfafa jiki, ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba mace a wurin awon ciki wajibi ne ta sha su har ƙarshe, amma babu ɗayansu da ke gina tsoka. Su kuwa ƙwayoyin da ƴan talla ke yawo da su a faranti cikin zafin rana, musamman wanda ake wa laƙabi da sha-ka-fashe, kumburi suke sawa a ɗauka ƙiba ce, kuma kuɗin da ake zubawa a kansu ya isa sayen wake na kwanaki.

Asalin illar tana cikin ƙwaryar fura. Hatsi abinci ne mai albarka, yana ba da ƙarfin aiki, amma idan aka surfe shi aka zubar da dusa, aka dama shi da ruwa tsululu domin ya ishi gida, babu nono ko kaɗan saboda shanun sun tafi arewa, to yaron da cikinsa bai fi dunƙulen hannunsa da yawa ba zai cika shi da ruwa ya kwanta, uwa tana zaton ya ƙoshi. Abin da hatsi ya rasa na gina jiki yana cikin wake, shi ya sa haɗa su a tukunya guda ya fi cin kowannensu shi kaɗai. Cokali guda na garin ƙuli-ƙuli ko na soyayyen wake a cikin kunun yaro yana sauya darajar kunun gaba ɗaya, ɗigon man gyaɗa kuma shi ke sa jiki ya amfana da bitamin ɗin da ke cikin ganye. Ganyen kuwa ga shi ko'ina: zogale, tafasa, gasaya, yakuwa, rama, kuka, waɗanda idan aka shanya su a inuwa suka bushe za su kai gida har bazara. Garin ƴaƴan kuka yana taimakon jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe, shayi kuwa a kan abinci yana hana shi, abin da majalisun samarinmu ba za su so ji ba. Ko farar da ta ci gonar, idan ba a yi mata feshin guba ba, nama ce idan ta sha mai da yaji.

Akwai kuma abin da ba kuɗi ke hana shi ba. A gidaje da yawa kaza tana ƙwai, amma a kai shi kasuwa a sayo dunƙulen ɗanɗano, ko a hana yaro bisa camfin wai zai tashi da sata; idan an yanka nama, tsokar tana akushin maigida, yaro sai romo. Jariri kuma, wanda nonon uwa kaɗai ya wadace shi har wata shida, a yi ta ɗura masa ruwan rijiya da jiƙe-jiƙe, gudawa ta kama shi, gudawa kuwa ita ce babbar ƙofar tamowa. Maigidan da ya ware tiya goma ta wake ranar da ake sussuka, ya zuba a jarka ya toshe bakinta yadda ƙwari ba za su sha iska ba, zai buɗe ta a watan Yuli ya tarar da waken lafiya lau, a daidai lokacin da farashinsa ya hau a kasuwar Tasawa.