Maganin Hana Ciki Bayan Fyaɗe: Halas Ne Ko Zubar Da Ciki?

Idan aka yi wa yarinya fyaɗe, abin da ke fara zuwa zuciyar yawancin iyaye shi ne rufin asiri. Sai a kulle ƙofa, a yi ta shawara tsakanin dangi, wani ya ce a yi sulhu, wani ya ce a bar wa Allah. Kafin a tsayar da magana kwana uku sun wuce, ko biyar, kuma a cikin waɗannan kwanakin ne kaɗai likita zai iya hana ciki shiga. Wasu kuma ko sun je asibiti da wuri, da an ambaci ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa sai su ja da baya, don sun ji an ce zubar da ciki take yi.

Tsoron nasu yana da tushe. A mazhabar Malikiyya, wadda yawancin Musulmin ƙasar Hausa ke bi, ra'ayin da ya fi shahara shi ne bai halatta a fitar da abin da ya riga ya zauna a mahaifa ba, ko da bai kai kwana 40 ba. Dokar laifuka ta arewacin Najeriya ma ba ta yarda da zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa. Saboda haka tambayar ita ce: me wannan ƙwayar take yi a jiki?

Ciki ba ya shiga nan take. Maniyyi na iya rayuwa har kwana biyar a jikin mace yana jiran ƙwai ya fito. Ƙwayar levonorgestrel, wadda aka fi sani a kemis da sunan Postinor-2, aikinta shi ne ta jinkirta fitowar ƙwan ko ta hana shi fitowa, har maniyyin ya mutu ba su haɗu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙwayar ba ta zubar da cikin da ya riga ya shiga, ba ta kuma cutar da shi. A watan Disamba na 2022, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gyara bayanin da ke cikin kwalin irin wannan ƙwaya don ta fayyace haka. Shi ya sa lokaci ke da muhimmanci: ta fi aiki cikin awa 72, kuma idan ƙwan ya riga ya fito, ba ta da amfani.

Idan haka ne, lamarin ya fi kusa da azalu, wato zubar da maniyyi a waje, wanda malamai da yawa suka halatta, fiye da zubar da ciki. Ita kuwa wadda aka fi ƙarfinta, babu zunubi a kanta a shari'a, balle a ce dole ta ɗauki sakamakon laifin wani.

Kiristoci ma sun sha wannan muhawara. Cocin Katolika na adawa da magungunan hana haihuwa, amma a farkon 2013 aka yi ce-ce-ku-ce a Jamus bayan asibitocin cocin guda biyu a birnin Kolon sun ƙi karɓar wata mata da ake zargin an yi wa fyaɗe. A watan Fabrairu na shekarar, bishop-bishop na ƙasar suka amince a riƙa ba irin waɗannan mata ƙwayar, muddin hana haɗuwar ƙwai da maniyyi take yi.

Duk da haka, akwai masu cewa ransu bai kwanta ba, kuma ba a tilasta wa kowa. Haƙƙin wadda abin ya shafa ne a yi mata bayani dalla-dalla, ta zaɓa da kanta, ko tare da iyayenta idan ƙarama ce. Ma'aikacin lafiyar da zuciyarsa ba ta ba shi ya bayar da maganin ba, bai kamata ya ɓoye mata cewa akwai shi ba. Ya tura ta wurin wani cikin gaggawa. Wanda ya yi shiru har lokaci ya ƙure ya jefa ta cikin abin da ya fi tsanani: cikin da za a yi ta yi mata gori a kansa, barin makaranta, ko zuwa wurin masu zubarwa a ɓoye, inda mata da yawa ke rasa ransu.

Ba ciki kaɗai ake gudu ba. Maganin kariya daga ƙanjamau shi ma dole a fara shan sa cikin awa 72, a ci gaba har kwana 28. Akwai cibiyoyin da aka kafa domin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, kamar Waraka a Kano, Salama a Kaduna da Nana Khadija a Sakkwato.

Iyaye, idan wannan musiba ta faɗa wa 'yarku, ku kai ta asibiti a ranar, kafin ta yi wanka idan zai yiwu, don kada shaida ta ɓace. Zaman dangi da neman fatawa za su iya biyo baya. Malamai kuma su tambayi likitoci yadda maganin ke aiki, su faɗa wa jama'a gaskiyarsa a wa'azi da huɗuba.