Me ake nufi da "maikuro" a wajen zuba taki?

Jama'a, "maikuro" ɗin nan da kuke ji a bakinmu malaman gona ba sunan sabon taki ba ne. Ma'anarta abu ɗan mitsitsi. A harkar taki, ana nufin cikin murfin kwalbar lemo ɗaya na NPK, kimanin giram 6, a kowane rami lokacin shuka. Cibiyar ICRISAT ta gwada dabarar a Nijar kan gero da dawa. A binne shi ɗan gefe, don in ya taɓa iri zai ƙone shi.

Amma fa masu masara a Funtua da Malumfashi, murfi ɗaya ba zai kai ku kaka ba. Masara akwai ci, sai an bi ta da yuriya wajen sati biyar zuwa shida.