Surfanin Ganye a Kan Tufa

Bayan haka, a sani cewa surfanin ganye da fure a kan tufa halal ne. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Ibnu Abbas ya hana wani mai zane surar abu mai rai, ya halatta masa itatuwa.

Gwani yakan zana reshen zogale ko na'ana'a da tawadar allo, domin tana fita da wanki. Sa'an nan ya bi reshen da zare siriri, ya cike kowane ganye daga jijiya zuwa gefe.

Ɗan kasuwa kuwa ya juya tufar ya dubi bayanta, gama can algus yake ɓuya, kuma sayar da aibi a ɓoye haramun ne. Allah ya tsarkake mana nema, amin.