Gargaɗi: Kada ku tura kuɗin motar da hannunku bai taɓa ba

Jama'ar Talata Mafara, Bakura da Maradun: Duk wanda yake tsakiyar cinikin mota ta waya a yanzu, ya ga hoto a Facebook ko bidiyo a WhatsApp, an yanka masa farashi mai daɗi, an ce ya tura kafin alƙalami kafin magariba don wani Alhaji ma ya taya, don girman Allah ya dakata. Kada ko sisi ya fita daga asusunsa sai shi da kansa, ko wani nasa da ya yarda da shi, ya tsaya a gaban motar, ya buɗe bonet, ya karanta lambar shasi da idonsa.

Na san abin da ya kai mu ga cinikin biri a sama. Hanyar Gusau zuwa Funtuwa, da wadda ta bi ta Tureta zuwa Sakkwato, ba hanyoyi ba ne da mutum zai hau da kwanciyar hankali a shekarun nan, balle a san ya fita sayen mota. Manomin da ya sayar da shinkafar da ya noma da ruwan Bakolori, ko ɗan kasuwar da ya tara ribar kasuwar Talata, zai so a ce mota ta zo ta same shi har ƙofar gida. Ga shi tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kowa ya saba da tura kuɗi ta waya. 'Yan damfara sun san tsoron hanyar da muke ciki, kuma da shi suke cin kasuwarsu.

Wanda na fi jin tsoro a kansa shi ne matashin da tsohuwar motar ƙawa ta shiga ransa: Marsandi SL mai buɗaɗɗen rufi, irin wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1989, ko Ford Mustang da ta fara fitowa a 1964. Sai wani ya ce masa akwai ta a Kwatano ko a Amurka, zai shigo masa da ita. Ɗan uwa, tambayi mai maganar ta ina za ta shigo. Motar da ta haura shekara 12 da ƙira tana cikin jerin kayan da Najeriya ta haramta shigowa da su, kuma ko lokacin da iyakar take shekara 15, motar 1985 ta wuce ta nesa ba kusa ba. Tun 1 ga Janairu 2017 kuma gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai ta tashar jiragen ruwa. Tsohuwar hanyar nan da iyayenmu suka sani, daga Kwatano a hau Gaya, a biyo Birnin Ƙonni a faɗo Illela, ko a bi Maraɗi a faɗo Jibiya, ta ƙara dagulewa da aka rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin Yuli 2023. Saboda haka wanda ya yi maka wannan alkawari, ko dai babu motar sam, ko fasa-ƙwaurinta zai yi, ko ya yi mata ƙaryar shekaru a takarda. Ko wanne ne daga ciki, ranar da kwastan suka tare ta a hanya, kai za a sauke daga ciki, shi kuwa wayarsa a kashe.

A ce ma motar tana nan, tana Legas ko Abuja, dillalin kuma yana da filin ajiye motoci na gaske. Hoto ba ya nuna tsatsa. A ƙasashen sanyi gishiri ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara, gishirin nan kuwa yana cin ƙarfen ƙarƙashin mota shekara da shekaru. Sai fanalbita ya cike ramukan da fila, mai fenti ya fesa ja mai ƙyalli, a ɗauki bidiyo da yamma rana tana haska ta. Ba za ka sani ba sai ta faɗa ramin farko tsakanin Mafara da Maradun, ƙafa ta rabu da gangar jiki. Akwai kuma motocin ambaliya. Guguwar Harvey ta 2017 ta nutsar da motoci masu ɗimbin yawa a birnin Houston na Amurka, kamfanonin inshora suka yi gwanjonsu a matsayin lalatattu, irinsu kuma ana wanke su a loda a jirgi zuwa Afirka ta Yamma. Motar da ta sha ruwa takan tashi lafiya yau, bayan wata uku wayoyinta su fara ruɓewa, mai gyaran wuta ya yi ta lalube har ya gaji. Warin rima a ƙarƙashin kafet, da busasshen taɓo a ramin safaya taya, hanci da yatsa ne ke gano su. Mitar tafiya ma ana mayar da ita baya, kuma a tsohuwar mota mai mitar allura aikin bai fi na awa guda ba.

Sai maganar motar sata, wadda ta fi duka muni a wurinmu. A Satumba 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka shigo da su Najeriya. Waɗanda aka karɓe motocin daga hannunsu, wa zai biya su? A jiharmu kuwa, inda shingen jami'an tsaro yake kusan kowane gari, a kama ka da motar da lambar shasinta ta saɓa da ta takarda, ko aka kankare ta aka sake bugawa, ba asarar kuɗi kaɗai ba ce. Tambayar da za ta biyo baya ita ce wa ya ba ka, kuma wa kake yi wa jigila. Amsar da ke hannunka lambar waya ce da ba ta shiga.

Ku kula da lambar shasin nan. Daga 1981 aka daidaita ta ta zama haruffa da alƙaluma 17, babu harafin I ko O ko Q a cikinta. In dillali ya turo maka lamba mai ɗauke da ɗaya daga cikinsu, ko ba ta cika 17 ba alhali ya ce motar ta bayan 1981 ce, cinikin ya ƙare a nan. Motocin da suka girmi wannan shekara lambarsu ba ta bin wannan tsari, shi ya sa binciken tarihinsu ta intanet yake da wuya, kuma shi ya sa mayaudara suke son su.

Masu cewa su jami'an kwastan ne, suna gwanjon motocin da aka kama a kan rabin kuɗi, maganarsu gajera ce. Hukumar tana yin gwanjonta a shafinta na intanet tun 2017, sai mai lambar biyan haraji ke shiga, kuma ta sha sanar da cewa ba ta sayar da mota ta Facebook ko WhatsApp. Hoton mutum da kaki ba shaida ba ce. Asusun da ke ɗauke da sunan mutum ɗaya ba asusun gwamnati ba ne.

Abin da ke ba ni takaici shi ne mun riga mun san hukuncin nan tun muna zaure. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cinikin garari, wato cinikin abin da ba a san haƙiƙaninsa ba. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a makarantun ilmi na Mafara da Bakura, an halatta sayen abin da ba ya nan bisa siffantawa, amma ba a yarda a sharɗanta biyan kuɗi tun kafin a gan shi ba, sai in yana kusa, ko abu ne da ba ya saurin canzawa kamar gida ko gona. Motar da ke Legas ba ta kusa, kuma tana iya canzawa cikin dare ɗaya: a cire injin da ka gani a bidiyo a sa wani. Dillalin da ya ce sai ka biya sannan ka gani ya nemi ka yi abin da malamanmu suka hana tun kafin a ƙera mota.

In ka matsu da sayen, kuma hanya ta hana ka tafiya, ka nemi bakanike naka, ba wanda dillali ya zaɓa ba. Akwai 'yan garuruwanmu a Legas da Kano da Kaduna. Ka biya ɗaya ladan yininsa. Ya shiga ƙarƙashin motar, ya bi jikinta da maganaɗisu, don ba ya kama inda aka cike da fila. Ya tayar da injin da safe yana sanyi, ya tuƙa ta, ya gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke takarda. A kai takardar diyuti ofishin kwastan a tantance. Ka tambayi 'yan sifiya na Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko ana samun kayanta, don Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975 tana da masu gyara a ko'ina, Mustang kuwa famfon mai kaɗai zai iya ajiye ta wata shida. A rubuta yarjejeniya da shaidu, kuɗi su shiga asusu mai sunan da ke kan takardar ciniki.

Wanda kuma ya riga ya tura, kada kunya ta sa ya yi shiru, kada kuma ya ƙara ko kwabo da sunan kuɗin direba ko na sallamar shinge. Ya je bankinsa yau ya kai ƙorafi a rubuce, don da zarar an kwashe kuɗin daga asusun da suka shiga, dawo da su sai an sha wuya. Ya adana rasit, da saƙonnin murya, da hotunan da aka turo masa, ya kai wa 'yan sanda a garinsu, ya kuma kai ofishin EFCC da ke Sakkwato.