Haɗarin Iju-Ishaga: Rahoto Ya Ɗauki Kusan Shekara Biyar

Ran 3 ga Yuni, 2012, jirgin saman kamfanin Dana da ya taso daga Abuja ya faɗa kan gidaje a Iju-Ishaga, daura da Agege a Legas. Mutum 153 da ke ciki suka rasu, har da wasu mazauna unguwar.

Kamfanin ya yi ta jaddada wa manema labarai cewa jirgin lafiya ƙalau ya tashi. To, amma faɗin musabbabi ba huruminsa ba ne, aikin hukumar binciken haɗarin jiragen sama ne. Sai a Maris 2017 rahotonta ya fito: injuna biyun sun mutu, matuƙan kuma ba su karkata zuwa fili mafi kusa ba. Lasisin kamfanin kuwa, tun Satumban 2012 gwamnati ta mayar masa.